Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Likitan da ya kai yaƙi da gudawar jarirai har ɗakin uwa

Duk ranar Lahadi garin Mai'adua kan cika ya batse da fatake da masu dabbobi, wasu daga Daura da Kano, wasu daga ƙetaren iyaka ta hanyar Kwangwalam. A cikin wannan taro da wuya a sami magidanci ko uwar gida da ba su taɓa jin labarin ruwan gishiri da sukari ba, ruwan da ake ɗura wa yaro idan gudawa ta kama shi. Ilimin ya zauna a cikin jama'a har ya yi kama da abin da aka gada tun kaka da kakanni. Alhali kuwa shigowarsa gidajen ƙasar nan ba ta daɗe haka ba, kuma mutumin da ya fi kowa tsayawa a kan yaɗa shi wani likitan yara ne ɗan Abeokuta, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992.

Asali da karatu

An haifi Olikoye ranar 30 ga Disamba, 1927, a garin Ijebu-Ode da ke Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma malamin makaranta. Ya shugabanci makarantar sakandare ta Abeokuta fiye da shekara 20, kuma shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Najeriya da aka kafa a 1931. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta a boren haraji da ya sa Alake na Egba ya sauka daga karaga na ɗan lokaci a 1949. Sunanta ya kai Arewa tun a wancan zamani, domin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta yi tattaki har Abeokuta don ganawa da ita. Cikin ƙannen Olikoye akwai mawaƙin nan Fela, da Dakta Beko mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam.

Gida ne na masu faɗa a ji da masu faɗa da hukuma, amma Olikoye ya fita daban da sanyin hali. Ya yi karatu a makarantar da mahaifinsa yake shugabanta, sannan ya tafi Kwalejin Trinity da ke birnin Dublin na ƙasar Ayilan, inda ya karanci aikin likita daga 1948 zuwa 1954. Da ya dawo gida ya yi aiki a Babban Asibitin Legas, daga baya ya koma Landan ya ƙware a fannin cututtukan yara, har ya yi aiki a shahararren asibitin yara na Great Ormond Street. Daga nan ya shiga Kwalejin Koyon Aikin Likita ta Jami'ar Legas, ya shugabanci sashen kula da yara, ya kai matsayin farfesa.

Abin da ya tarar a ɗakin yara

A shekarun 1960, ɗakin kwantar da yara na kowane babban asibiti a ƙasar nan cike yake da cututtuka 'yan ƙalilan masu maimaita kansu: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, ciwon huhu, tamowa, da gudawa. Yaron da gudawa ta kama yakan iso asibiti bayan kwana biyu ko uku yana zawo da amai, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, bakinsa ya bushe, yana kuka babu hawaye. Abin da likita ke da shi a lokacin shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ke buƙatar allura da leda da ma'aikacin da ya iya neman jijiyar jariri. Wanda aka kawo da wuri ya tsira. Da yawa kuwa a hanya suke cikawa, wasu ma a ƙauye ake binne su ba tare da sun ga ƙofar asibiti ba.

Likitocin zamanin sun san wani ɓangare na masu haddasa cutar. Tun a 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya bayyana wata ƙwayar bakteriya a kashin jarirai, wadda daga baya aka sa mata sunansa, ake kiranta E. coli a taƙaice. Yawancin ire-irenta suna zaune a hanjin kowa lami lafiya, amma wasu na fitar da dafin da ke sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa. A 1897 Kiyoshi Shiga na ƙasar Japan ya gano ƙwayar Shigella mai kawo atuni, wato zawo mai jini da majina. An kuma san ƙwayar kwalara, wadda ta shigo Najeriya a ƙarshen 1970 ta yi ɓarna mai yawa a 1971. Ban da bakteriya, akwai wasu ƙananan halittu da ke maƙalewa a hanji suna ci daga jikin mai su, irin su Giardia da amiba, waɗanda ruwa marar tsabta ke yaɗawa.

Duk da haka, idan aka auna kashin yaran da ke kwance, a mafi yawansu ba a ganin komai. Sai a 1973 wata masaniya, Ruth Bishop, da abokan aikinta a birnin Melbourne na Ostireliya suka hango wata ƙwayar bairos a hanjin yara masu gudawa. Saboda siffarta ta yi kama da ƙafar keke aka sa mata suna rota. Bincike ya nuna cewa kusan kowane yaro a duniya yakan gamu da ita kafin ya cika shekara biyar, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, kuma ita ce kan gaba wajen kawo gudawa mai tsanani ga jarirai. A ƙasashen Sahel ta fi yaɗuwa da hunturu, yayin da gudawar bakteriya ta fi yawa da damina, lokacin da ruwan sama ke wanko ƙazanta zuwa rijiyoyi da tafkuna. A 1976 kuma aka fara tabbatar da cewa wata ƙaramar halitta mai suna Cryptosporidium, wadda aka sani a jikin maruƙa da sauran dabbobi, tana kama mutane.

Darasin da Olikoye da takwarorinsa suka ɗauka daga wannan ilimi a fili yake. Masu haddasa gudawa suna da yawa, kuma babu asibitin ƙauyen da zai iya tantance wacce ce ta kama wane yaro. Amma hanyarsu ta shiga jiki guda ce, daga kashi zuwa baki, ta hannu ko ruwa ko abinci ko ƙuda. Hanyarsu ta kisa ma kusan guda ce, wato ƙarar da ruwa da gishirin jiki. Jikin jariri ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa ba ya jure asara, shi ya sa kwana ɗaya tak yakan isa ya galabaita. Wanda ya iya mayar da ruwan nan da wuri ya ceci rai, ko da bai san sunan ƙwayar ba.

Daga babban asibiti zuwa unguwa

Wannan fahimta ce ta fitar da shi daga ɗakin kwantar da marasa lafiya. A ƙarshen shekarun 1960 ya kafa wani asibitin gwaji na kula da iyali a Legas, inda ya damƙa wa ma'aikatan jinya aikin duba mata da yara, da ba su magani, da koya wa uwaye tsabta da ciyarwa. Abin da yake son tabbatarwa shi ne, ƙasar da likitocinta ba su da yawa, kuma suka taru a birane, ba za ta jira sai kowane ƙauye ya sami likita ba. Gwajin ya yi nasara, ya zama tushen Cibiyar Lafiyar Yara da Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta jami'ar.

A daidai wannan zamani, masu bincike a biranen Dhaka da Kalkata suka gwada wani abu da ya sauya tarihin cutar. An riga an gano cewa hanji yana tsotse gishiri tare da sukari ta ƙofa guda, ruwa kuma ya bi bayansu, kuma wannan ƙofa takan ci gaba da aiki ko da gudawa ta ɓata sauran. A 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna shayar da su da kofi. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne hanyar kai lafiya ga kowa. Abin da Olikoye ya daɗe yana gwadawa a unguwannin Legas ya zama manufar duniya.

Shekaru bakwai a kujerar minista

Bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta 1985, ya naɗa Olikoye ministan lafiya. Ya shiga ofis da tsari a hannu. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama zakaran gwajin dafi na kiwon lafiya a matakin farko, aka haɗa su da jami'o'i da makarantun horar da ma'aikatan lafiya don su ja musu gora. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya tanadi asusun magani mai juyawa a ƙananan asibitoci, a sayar da magani da rahusa a sake sayo wani da kuɗin. A 1988 aka ƙaddamar da cikakkiyar manufar lafiya ta ƙasa ta farko, wadda ta raba aiki gida uku: asibitocin koyarwa ga Gwamnatin Tarayya, manyan asibitoci ga jihohi, kiwon lafiya a matakin farko kuma ga ƙananan hukumomi.

A tsakiyar wannan tsari aka ajiye ruwan gishiri da sukari. Ba Olikoye ne ya ƙirƙiro shi ba, amma a zamaninsa ne, tare da tallafin Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shiga rediyo da talabijin da allunan bango da bakin malaman asibiti. An sauƙaƙa awon yadda kowace uwa za ta iya: ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu, gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, da sukari ƙwaya biyar ko cokali goma a shafe. A asibitoci aka ware kusurwa ta musamman inda uwa ke zama da ɗanta a cinya tana ba shi ruwan cokali-cokali, ma'aikaciya na nuna mata. Maganin da a da sai a gadon asibiti ya koma hannun uwa, kuma kayan haɗa shi suna kan teburin kowane mai shayi.

Ya haɗa wannan da yaƙin kare nonon uwa. Bulumboti da madarar gwangwani sun zama ado a birane, alhali ruwan damawa da kwalbar da ba ta wanku ba su ne babbar hanyar da bakteriya ke bi zuwa cikin jariri. A 1990 aka kafa doka mai lamba 41 da ta taƙaita tallar madarar jarirai. An kuma ƙarfafa rigakafin cututtukan yara shida, ciki har da ƙyanda, wadda gudawa ke biyo bayanta ta ƙarasa yaro. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 1990 rigakafin ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na yaran ƙasar. A shekarar ne aka kafa dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Kafin nan, a 1986, shi ne ya sanar da ƙasa cewa an sami mai cutar ƙanjamau na farko a Najeriya, a lokacin da da yawa ke ganin cutar ta wasu ce can nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar yabo ta Leon Bernard a 1986, Asusun Kula da Yara kuma ya ba shi ta Maurice Pate a 1990.

Yadda abin ya shafi ƙasar Daura

Ana tsakiyar wannan aiki ne aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ranar 23 ga Satumba, 1987, a zamanin Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Sabuwar jihar ta tashi ne a cikin tsarin da ya ɗora lafiyar talaka a wuyan ƙaramar hukuma. Ga garuruwan bakin iyaka irin su Mai'adua, Zango da Ɓaure, inda babban asibiti ke da nisa kuma likita ke da wuyar gani, ma'aikacin lafiya na karkara shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne malami. Irin waɗannan ma'aikata ne makarantun fasahar kiwon lafiya na Daura da Kankiya ke yayewa har gobe.

Aikinsu ya ci karo da tsofaffin fahimtoci da suka yi jijiya. Ana ɗaukar zawon yaro ɗan wata shida a matsayin zawon haƙori da zai wuce da kansa, alhali lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana kuma fara ba shi koko da ruwan randa. Idan maɗiga ta lotsa akan shafa mata magani a ka, alhali alama ce ta ƙarewar ruwan jiki. Wasu kan janye nono ko abinci don a huta da zawon, wanda hakan ke jefa yaro cikin tamowa, tamowar kuma ta sake buɗe ƙofa ga wata gudawar. Saƙon da Olikoye ya dage a kai shi ne a ci gaba da shayarwa, a ci gaba da ciyarwa, a mayar da ruwa tun daga zawo na farko, a kuma garzaya asibiti idan an ga jini, ko yaro ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya yi laushi.

Zamaninsa bai rasa tawaya ba. Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnati ta fara a 1986 ya karya darajar Naira, magani ya yi tsada, ƙwararrun likitoci suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Turai. Wasu manyan likitoci sun yi ƙorafin cewa an bar asibitocin koyarwa suna lalacewa. A 1991 kwalara ta sake ɓarkewa, aka ƙirga mutum kusan 60,000 da suka kamu, fiye da 7,000 suka rasu, abin da ya tuna wa kowa cewa ruwan gishiri da sukari yana ceton wanda ya kamu ne kawai, bai gyara rijiya ko masai ba. Awon gida ma ya zo da tasa matsalar, domin wasu kan zarce da gishiri, abin da ke da haɗari ga jariri.

Bayan barin ofis

Ya bar kujerar a 1992, shekarar da aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa don ta riƙe abin da aka gina. Jama'a sun shaide shi da fita ofis ba tare da tara dukiya ba. Ya ci gaba da aiki da hukumomin duniya kan lafiyar Afirka. Ranar 2 ga Agusta, 1997, ƙaninsa Fela ya rasu, washegari kuma Olikoye ya tsaya gaban 'yan jarida ya bayyana cewa ƙanjamau ce ta yi ajalinsa. Iyalai da yawa da sun rufe, amma ya ga cewa faɗin gaskiyar zai farkar da miliyoyin da ba su yarda akwai cutar ba.

Ya rayu har ya ga ginin da ya yi yana zubewa. Kuɗin ƙananan hukumomi ya daina isa asibitocin sha-ka-tafi, asusun magani ya ƙafe, binciken lafiya na ƙasa na 2003 kuma ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 kacal na yara ne suka sami cikakken rigakafi. A wannan shekara, ranar 1 ga Yuni, ya rasu a Landan inda ya je halartar wani taron Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da shekara 75.

Abin da ya biyo baya

Ilimin da aka samu bayan rasuwarsa ya ƙara gaskata hanyar da ya bi. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara suka ba da shawarar a haɗa sabon garin ORS na cikin leda da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon gudawa da dawowarta. Garin leda ya fi awon gida aminci, muddin an dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jiki, aka kuma zubar da ragowar bayan awa 24. Wani babban bincike da aka buga a 2013, wanda aka gudanar a wurare bakwai na Afirka da Asiya, ciki har da Mali da Gambiya, ya nuna cewa ƙwayoyi huɗu ne ke da alhakin mafi yawan gudawa mai tsanani ga ƙananan yara: rota, Cryptosporidium, Shigella, da nau'in E. coli mai dafi. A gundumar Madarunfa ta Jihar Maraɗi, cikin Hausawan Nijar, aka gwada wani ɗigon rigakafin rota mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, sakamakon da aka fitar a 2017 kuma ya nuna yana kare kusan kashi biyu cikin uku daga gudawar rota mai tsanani. A watan Agusta 2022 Najeriya ta sa rigakafin rota cikin jerin rigakafin yara na kyauta, ana ɗiga wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14.

Duk da haka, har yanzu gudawa na cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa. Uwa da yawa kan fara da shagon kemis, a haɗa mata Flagyl da wani maganin kashe bakteriya, alhali waɗannan ba sa taɓa ƙwayar bairos ko kaɗan, kuma amfaninsu ya taƙaita ga atuni da kwalara da wasu cututtuka da ma'aikacin lafiya ya tantance. Magungunan tsayar da zawo kuwa haɗari ne ga jarirai. Mai shagon da ya fara miƙa ORS da zinc ya yi wa unguwarsa aikin da Olikoye ya so a yi. Haka ma jami'in ƙaramar hukumar da ya tabbatar firjin rigakafi na aiki, famfon burtsatse na ba da ruwa, kuɗin da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa ƙananan asibitoci kuma ya isa inda aka nufa.

Tarihin Daura da kansa yana ɗauke da labarin rijiyar Kusugu da wahalar da mutane suka sha kafin su sami ruwa. Olikoye Ransome-Kuti ya bar wa ƙasar nan rabin maganin a hannun uwaye, kuma sun riƙe shi. Ɗaya rabin, wato ruwan sha mai tsabta, masai mai murfi, da asibitin unguwa mai ma'aikaci da magani, yana nan a wuyan hukumomin da ya damƙa wa amanar tun 1988.